Karen La'asar

Yaya Nura, na iso gida. Ina zaune a zaure a kan tabarmar nan mai ƙonannen gefe, wadda kake cewa ta girme ni. Jakarka tana jingine da bango kusa da tawa. Tun da mai adaidaita ya sauke ni yaran unguwa suka kewaye ni, na gidan mai kifi da na gidan Malam Ado da wasu da ban ma san fuskarsu ba, wai sai na ba su labarin Dubai. Na ba su. Na ba su irin wanda ake ba yara, sun yi dariya, kiran la'asar ya watsa su. Sauran labarin da kai zan yi shi, don ba ni da wanda zan yi da shi tukuna.

Da injin markaɗen Inna na fara musu. Na ce kai da kuɗin babur ɗinka ka tafi, ni kuwa da na zo bin sahunka injin nan aka sayar aka yi min biza da tikiti. Wani mai tsagaggen haƙori a cikinsu ya ce, "Baffa, injin markaɗe yana kai mutum Dubai?" Na ce yana kaiwa mana, har ya rage na takalmi. Abin da ban gaya musu ba shi ne dalilin da injin ya zauna ba mai tayar da shi. Ka tuna ranar. Baba yana ci-rani a Fatakwal, wani da ba mu taɓa gani ba ya kira, Inna ta ɗauka da hannunta jiƙe da ruwan tumatir. Ya ce, "Ke ce matar wane? To ya rasu ɗazu." Ko sallama bai yi ba. A nan gefen injin ta faɗi, ɓarin jikinta na dama bai sake tashi ba, maganarta ta koma ɗaya-ɗaya. Likita ya ce jininta ba zai ɗauki irin wannan sau biyu ba. A barandar asibitin ka riƙe min kafaɗa ka ce, "Ko ni ko kai, duk wanda ya riga, kada Inna ta ji a waya. Ɗayan ya tako da ƙafarsa, ya nemo babba, a zauna kusa da ita." Na ce maka to. A lokacin gani nake irin maganar da ake yi ce a bakin asibiti, a manta.

Yaran sun fi son labarin ɗakinmu na Karama. Na ce musu a can ba ɗaki ake haya ba, gado ake haya, sunansa bedsifes. Suka yi ta maimaitawa, bedsifes, bedsifes, ƙaramin cikinsu ya mayar da shi bedi-fes yana tsalle. Kana sama ina ƙasa, idan ka juya ƙarfen ya yi kuka in ce Yaya a hankali, akwai mutum a ƙarƙashinka. Na ba su labarin mai gidan, mutumin nan mai tumbi da ya kama fulat ɗaya ya yanka shi da katako kamar akurkin kaji. Ran da ka saka daddawa a miya ya shigo da hanci a toshe.

"Me ya mutu a kicin ɗina?"

Ka ce, "Habibi, shuwayya shuwayya, a hankali. Abinci ne."

"Wannan ba abinci ba ne, laifi ne! Gobe ka kwashe kayanka, halas, zance ya ƙare!"

Ka ɗebo cokali ɗaya ka miƙa masa. Ya ɗanɗana, ya ɓata rai, ya ce a ƙara masa a kofi zai kai wa matarsa ta ga irin wahalar da yake sha da mu.

A gadon da ke kallon namu Bitrus yake kwana, mutumin Kagoro, mai gyaran wutar mota. Shi yake tashinmu sallar asuba, wai ƙarar wayarmu ta fi damunsa fiye da mu. Tare muke hawa bas zuwa Ras Al Khor, wadda na yi wata guda ina kiranta Rasalkwar kana yi min dariya. Garejin nan na motocin da suka yi hatsari ne. A sayo su a lanƙwashe, a miƙar, a fesa fenti, 'yan kasuwarmu na Al Buteen su loda a kwantena. Kai kana ƙarƙashin mota, ni ina kwance ƙofofi da wanki, Bitrus yana haɗa waya da ƙananan talabijin na bayan kujera.

Ta nan karen ya shigo rayuwarmu. Duk talabijin ɗin da Bitrus ya ɗaura sai ya gwada, kuma da abu ɗaya yake gwadawa: wani memori da wani tsohon makanike ya bar masa, cike da katun na da can, wanda aka zana tun kafin a haifi Baba. Launinsa ya koɗe kamar atamfar da ta sha rana, wani lokaci zane-zane na sauka a kan hoton kamar yayyafi. Kowanne gajere ne, kafin ka shanye kofin shayi ya ƙare. Da busa ake farawa, wata busa mai rawa, sai karen ya leƙo. Dogo ne, ramamme, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, an ba shi gadin gidan kaji amma duk abin duniya a kansa yake faɗowa. Ƙofa ta maƙe shi, tukunya ta kife a kansa, ya faɗo daga saman bene ya bar ramin siffarsa a ƙasa. Sai ka ga ya fito, ya girgiza jiki, ya koma bakin aikinsa. In abin ya ishe shi ya ɗaga kai sama ya yi wani dogon kuka. Kakan fito daga ƙarƙashin mota da baƙin mai a fuska ka tsaya kana kallo ta taga, ka ce, "Wallahi wannan ɗan ci-rani ne. Dubi haƙarƙarinsa."

Kai ka fara tura wa 'yarka Ummi. Tun rabuwarku da uwarta tana wajen Inna, kuma yarinya 'yar shekara biyar ba ta san me za ta ce wa uba a waya ba. Kira ta intanet ba ya tafiya a can, na kati kuma ba na kullum ba ne. Sai ka mayar da shi al'ada: in mun yi magariba a Dubai, ana la'asar a Kurna, ka tura katun ɗaya wayar ƙanwarmu Zulai, ka bi shi da saƙon murya kana kwaikwayon kukan karen. Ummi ta sa masa suna Maigadi. Da farko Inna ta ƙi. Zulai ta ce ta taune harshe ta ce, "Kare… a wayar… da ake jin karatu?" Ka aiko da amsa, "Inna, wannan na zane ne, ba ya lasar kwano." Ranar da tukunya ta kife masa, Zulai ta ce rabin bakin Inna ya motsa, dariyarta ta farko tun Fatakwal.

Daga nan busar ta zama agogonta. In ta ji ta, ta san ka fito daga ƙarƙashin mota da ƙafafunka. Ka tuna ran da intanet ɗin ɗakinmu ya ɗauke ba ka tura ba? Inna ta ƙi cin tuwo, sai da aka kira mai kemis ya auna ta. Tun ranar ba ka sake fashi ba, ko kana zazzaɓi.

Yaran sun tambaye ni ko na hau dogon benen nan. Na ce daga bas nake hango shi. Sun tambaye ni ko da gaske 'yan sanda suna hawa motar tsere. Ba wanda ya tambaye ni labarin jak ɗin ɗaga mota.

Da hantsi ne. Ina bayan gareji ina wanke kujeru na ji ƙara, ba babba ba ma, kamar an ajiye buhu da ƙarfi. Sai na ji Bitrus yana kiran sunana da muryar da ban san yana da ita ba. Jak ɗin ne ya zame, mu shida muka ɗaga motar daga kanka. Ba zan rubuta abin da na gani ba, kai ka fi ni sani. Motar asibiti ta zo da sauri, 'yan sanda suka zo, kowa ya yi aikinsa. A asibiti wata likita ta fito ta yi min Turanci a hankali, ban gane rabinsa ba, amma na gane hannunta da ta ɗora a ƙirji.

Na fito na zauna a gefen titi. Ban yi kuka ba. Ina kallon motoci suna wucewa, kowacce da ƙafafunta huɗu a ƙasa. Ban san tsawon zaman ba, sai da inuwar ginin ta zo ta rufe ni. Bitrus ya tsuguna a gabana ya ce, "Rabi'u. Ƙarfe nawa yanzu a gida?"

Sai na tuna. Wayarka tana aljihun rigar da ka rataye a ƙusa, a gareji.

Muka koma, muka samu an ja ƙofar ƙarfen rabi. Arbab, haka ake kiran ubangida a can, yana ofis shi kaɗai da sigari, ya kwashe kayanka ya kulle a durowa. Na ce waya nake so.

"Mafi talifon, babu waya. Komai yana hannun 'yan sanda."

Bitrus ya ce, "Sun gama sun tafi, a gabana suka ce a ba ɗan'uwansa kayansa."

"Gobe. Bukra, in sha Allah."

Na ce ba gobe. Larabcina na gareji ne, na sunan sifana da zagi, ba ni da kalmar da zan faɗi abin da ke raina. Na ce, "Mama marid, ba ta da lafiya. Mama tana jira. In ba waya yau, Mama ma halas."

Ya dube ni, ya dubi jak ɗin da ke yashe a tsakar gareji. Sai na gane tsoronsa. Gani yake hoto zan ɗauka in watsa. Ya ce, "Me za ka yi da ita?"

Bitrus ya zaro memorin daga aljihu, ya soka a talabijin ɗin wata mota da ba a gama ba. Busar ta tashi a cikin garejin da babu kowa. Karen ya leƙo da kunnensa ɗaya. Bitrus ya ce, "Wannan zai tura wa 'yar marigayi. Shi ke nan."

Arbab ya daɗe yana kallo, tokar sigarin ta zubo masa a riga. Ya ce da ƙaramar murya shi ma ya kalli irinsa yana yaro, a gidan maƙwabta. Ya buɗe durowar. Amma sai da ya ce, "Ba hoton gareji." Na ce ba hoton gareji. Da abin da ya fi wannan ya nema a lokacin, da na ba shi.

Na san zanen buɗe wayarka, daga gadon ƙasa na sha ganin yatsanka yana yin sa. Ana kiran magariba a masallacin 'yan Pakistan na buɗe. Ka jera katun ɗin bi da bi, kana goge wanda ka tura. Na taɓa na gaba don in duba. Maigadi yana tsallaka titi da ƙashi a baki, sai ga motar daɓen kwalta. Ta bi ta kansa, ya zama kamar tabarma. Ni da kai mun taɓa kallon wannan, har ka riƙe ciki. Bitrus ya karɓa ya tsallake shi, ya zaɓi na tukunyar zuma, ya ce, "Danna da kanka." Na danna. Alamar ta nuna an buɗe a Kurna.

Ban huta ba, domin akwai bakin mutane. Ka san Al Buteen. In akuya ta yi atishawa a Deira, kafin ta rufe baki an ji a Kantin Kwari. Muka hau jirgin ƙasa, muka ratsa lungunan nan masu warin turare da kwali, zuwa ofishin Alhaji Mai Kwantena, wanda duk Bahaushen da ya shiga uku a garin nan wajensa yake zuwa. Ofishin cike yake, an riga an ji. Kowa ya miƙo hannu, Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri. Ina amsawa idona yana kan hannuwansu, don kowa da waya.

Na durƙusa na gaya wa Alhaji zancen Inna da alƙawarin baranda. Bai bari na gama ba ya buga tebur.

"Kowa ya ajiye waya! Wanda ya riga ya sa a sitatus ya faɗa yanzu."

Sai Sani Kargo, wanda ko shawarma ya saya sai duniya ta gani, ya fara sosa ƙeya.

"Alhaji, ai addu'a na nema masa. Lada ne."

"Ladan gidanku! Kawo nan."

Hotonka ne, Yaya, wanda ka ɗauka a bakin ruwa ran sallah da farar jallabiya. Ya rubuta Inna lillahi a sama da manyan baƙi. Alhaji ya goge, sannan ya sa gilashi yana duba waɗanda suka gani, yana kiran suna ɗaya-ɗaya, ni kuma ina cewa ban san shi ba, ban san shi ba. Sai ya ce, "Hajiya Mai Gwal." Bayan layinmu na Kurna take, 'yar aikinta a gidanmu take sayen ƙanƙara.

Alhaji ya kira ta da kati, ya sa a sifika. Ta ɗauka da salati.

"Alhaji, yanzu nake ɗaukar mayafi in shiga wajen Innarsu, baiwar Allah…"

"Hajiya, ajiye mayafin nan."

"To ai gaisuwa…"

"Ba ta sani ba. In kika taka gidan nan, gawa biyu za a yi. Kuma na rantse kayanki da ke sito sai sun shekara a nan."

Ta ce, "Na ajiye. Wallahi na ajiye. Wayyo Nura." Na ji kukanta kafin ya kashe. Ita ta fara yi maka kuka a Kurna, a ɗaki ita kaɗai, kuma ta riƙe bakinta har yau. Allah ya saka mata.

Alhaji ya juyo kaina ya ce takardun asibiti da na hukuma za su ɗauki kwanaki, in daure. Ya ce, "Kai namiji ne, kuma kai kaɗai gare shi a nan. Kada ka ɗaga murya a kan mamaci, addu'a yake so." Na ce to.

Washegari na tura na biyu. Ban daɗe ba saƙon murya ya shigo. Ummi ce, bakinta cike da wani abu. "Baba, jiya ba ka yi kukan ba. Yau ma ba ka yi ba. Ka yi mana." A ƙasa Zulai ta rubuta: Inna tana tambaya ko mura kake.

Na manta da kukan, Yaya. Katun kowa zai iya turawa. Kukan naka ne.

A ɗaki akwai mutane, sai muka fita matattakalar bene, tsakanin hawa da hawa, inda ake ajiye tsofaffin katifu. Bitrus ya riƙe wayar. Na gwada, ya saurara ya girgiza kai, ya ce wannan muryar Rabi'u ce, ko jariri zai gane. Ya ce kai daga ƙasa kake farawa, kamar mota tana tashi da sanyi, sannan ka hau. Na sake, ya ce saura kaɗan. Na rufe ido na tuno ka a gadon sama, kana ɗaga haɓa kana yi, mutanen ɗaki suna jifanka da filo. Na buɗe baki. Ya fara daga ƙasa kamar yadda ya ce, ya hau, sai ya ƙi sauka. Abin da na riƙe tun gefen titin asibiti ya biyo shi. Na ji shi yana bugun bangon bene yana dawowa, ban san jikina yana da irin wannan ba. Na zauna a kan wata katifa.

Ƙofar sama ta buɗe, mai gida ya leƙo da tumbinsa. "Wa ya kawo kare benen nan? An hana kare! Tara ce!"

Bitrus ya hau ya mayar da shi ciki ya ja ƙofar. Ya dawo ya zauna kusa da ni a kan katifar, ya ce, "Ya yi. In tura?" Na ɗaga kai.

Amsar Ummi ta zo tana dariya. "Baba, yau Maigadi ya daɗe! Inna ma ta ji."

Haka na yi ta yi kullum har aka ba mu gawarka. Da rana ina bin Alhaji ofis-ofis, da magariba ina matattakala. Nan ne kaɗai wurin da aka yarda in yi maka kuka, kuma da sunan kare. Zulai takan rubuto, Yaya kwana biyu ba ka magana. In rubuta, aiki ne ya yi yawa. Ban taɓa iya ƙara kalma a kai ba.

Mun rufe ka da safe, a wata maƙabarta can bayan gari mai farin yashi. Ni na shiga ramin na karɓe ka. 'Yan kasuwarmu sun zo, Sani Kargo ya zo ba waya a hannunsa, 'yan Pakistan na gareji sun cika sahu. Bitrus ya tsaya baya da hularsa a hannu har aka idar, sannan ya zo ya zuba ƙasa da tafinsa. Arbab ya miƙo min fasfo ba tare da na tambaya ba. Alhaji ya yi min tikiti. Mai gida ya tsaya a bakin ƙofa ina haɗa jakarka, ya ɗauki ragowar daddawarka a leda ya juya ta, ya ce in bar masa. A filin jirgin Addis, inda muka sauka canji, na tura na jiya, na shiga banɗaki na yi kukan a hankali.

Da na shigo ɗazu Zulai ta yi ihu ta rungume ni, sannan ta ja baya tana duba fuskata. Ta ce lafiya ba sanarwa? Na ce aikin ne ya ƙare. Inna tana kan katifarta a rumfa, ta rame, an yi mata kitso. Na durƙusa. Ta shafa kaina da hannun hagu ta ce, "Shi… fa?" Na ce, "Ga jakar da ya haɗa muku, Inna." Ba ƙarya na yi ba, tun watan jiya kake tara tsarabar, takalmin Ummi mai fitila yana ciki. Kafin ta sake haɗa wata kalmar yara suka ja ni zaure. Daga nan na ari wayar mai kifi na kira Kawu Sule a Ɗambatta. Na ce, "Kawu, Rabi'u ne, na dawo. Ina so ka zo yau, ka biya ta wajen Liman." Bai tambaye ni komai ba. Ya ce, "Ga ni nan, kada ka motsa."

Niyyata in tura na yau daga zaure, in sayi awannin da suka rage har ya iso. Da aka idar da la'asar na zaro wayarka na danna. Ta yi ta juyawa. Na sake dannawa. Duk lissafin da na yi tun daga Ras Al Khor, ban tuna cewa layin Dubai ba ya aiki a Kurna ba.

Ta labule ina hango su. Ummi ta ɗauko wayar Zulai ta zauna a gefen ƙafar Inna, tana goge gilashin da rigarta. Ta ce, "Bai zo ba." Zulai ta ce ki jira. Inuwa ta matsa daga bakin rijiya zuwa bakin kicin. Ummi ta ce, "Har yanzu bai zo ba." Na ga ƙirjin Inna ya fara hawa da sauka da sauri, hannunta mai lafiya yana murza bakin zani, idonta yana kan ƙofa. Na san wannan numfashin, na gan shi a gefen injin markaɗe. Ɗambatta kuwa da nisa.

Na shiga. Na zauna a ƙasa tsakaninsu na ce, "Ummi, zo, yau ni na kawo shi da hannu." Na fito da wayar. Ka san bayanta, koren nan da ya tsage, da tauraron roba da Ummi ta manna maka ran da za ka koma. Guda ɗaya ya rage a ciki, wanda Bitrus ya tsallake. Na danna, busar ta tashi.

Zulai ta dubi tauraron, ta dube ni, ta sa gefen hijabi a baki ta fita da baya-baya. Ummi ba ta ga komai ba sai Maigadi. Ya ɗauko ƙashinsa, ya hau titi, motar daɓen kwalta ta taho. Inna ba ta kallon gilashin. Bayan wayar take kallo. Sannan ta ɗago ido a hankali ta sa a nawa. Na so in kawar da kai, na kasa. Hannunta na hagu ya zo ya kama wuyan hannuna, ya matse, da ƙarfin nan da take ja wa injin igiya. Ina jiran ta faɗi. Ina jiran idon ya juye.

Ba ta faɗi ba. Numfashin ya ja, ya ja, ya sauka. Bakinta ya yi ta kokawa da kalma, sannan ta ce, "Bar ta… ta gama."

Ummi ta yi tsalle tana tafi. "Ya tashi! Baffa ka gani? Ya zama tabarma kuma ya tashi! Kullum sai ya tashi." Ta juyo ta ce, "Saura kukan."

Na ce mata anjima.

Yanzu tana tsakar gida tana taka takalmin yana walƙiya. Zulai tana bayan kicin, ina jin ta tana zuba ruwa a bokitin da ya riga ya cika. Inna ta sa an juya mata katifa ta kalli gabas, an ba ta carbi. Rana ta kusa faɗuwa, duk mashin ɗin da ya rage gudu a layin nan sai in ɗaga kai in ga ko Kawu ne. Na tako da ƙafata, Yaya, kamar yadda ka ce. Ba ta ji a waya ba. Ban san me ta gani a idona ba, ban kuma san da wace kalma Kawu zai fara ba. Ni dai har yanzu bakina bai faɗa wa kowa ba.